Lamba Ɗaya, Kwamfuta Biyu

A shekarar 1999 wata kwalejin horar da malamai da ke bayan garin Kafanchan ta samu kyautar kwamfuta ashirin da biyu daga wata ƙungiya ta ƙasar waje. Can inda suka fito an sha wuya da su har an gaji, amma a nan sabbi ne fil a idon kowa. Aka kwashe tafiretoci daga wani dogon aji, aka sa labule, aka rubuta a jikin ƙofa cewa ba a shiga da takalmi.

Mutum biyu aka sani da wannan ɗaki. Na farko Kumai, ma'aikacin gyara, mutumin Godogodo, ɗan wani tsohon ma'aikacin reluwe. Shi ya yi rarrafe ƙarƙashin tebura ya ja wayoyi, ya haɗa injinan da juna, ya ware ɗaya a lungu wadda kowa ke kira uwar kwamfuta. Da zarar an kunna sauran, ita ke ba kowace lambar da za a san ta da ita, sannan su ga juna, su ga firinta. Kumai ba mai yawan magana ba ne, kuma in ya yi, Hausarsa takan taho da Turanci a goye.

Na biyu Malam Badruddeen, malamin lissafi, wanda gidansu ke sayar da yadi a kasuwar Kafanchan tun zamanin kakansa. Kwaleji ta tura shi kwas na mako uku a Jos, ya dawo da takardar shaida cikin gilashi da jaka cike da faya-fayai. Tun daga nan aka fara ce masa Injiniya. Da fari yakan ce, "Haba, ku bari mana." Daga baya sai ya daina hanawa.

A duk kwalejin kwamfuta ɗaya ce ke iya aika wasiƙar imel, wato wadda ke kan teburin Madam Catherine, sakatariyar shugaban kwaleji, don ita kaɗai aka haɗa da layin tarho, ko da yake ita da ta ɗakin malamai duk Kumai ya haɗa su da na dogon ɗakin. Duk mai saƙo sai ya rubuta a takarda ya kai mata, ta buga, in amsa ta zo ta fitar masa. Wannan tsari ya tsaya wa Badruddeen a maƙogwaro. Yana neman gurbin ƙarin karatu a waje, kuma sau biyu ke nan Madam na miƙo masa amsar da ta riga shi karantawa, ta ce a hankali, "Sai haƙuri, Malam. Allah zai buɗe wata ƙofa." Wannan tausayin ya fi amsar yi masa zafi.

Cikin faya-fayan da ya zo da su daga Jos akwai wani shiri da ake kira firoksi. Aikinsa irin na ɗan aike ne: in an sa shi a injin da ke da layin tarho, sauran injinan sai su riƙa ba shi saƙo yana fitarwa. Wata Asabar da rana ya tarar da Madam ta shigo buga tambayoyin jarrabawa, ya roƙe ta minti goma a kan kujerarta.

"Ka gaya wa Kumai?" in ji ta.

"Madam, ni aka tura kwas ko shi?"

Ta dube shi ta saman tabarau, ta tashi. Ya sa faifai. Tambayoyi suka riƙa fitowa a fuskar injin da ƙananan rubutun Turanci, shi kuwa yana ta danna na'am, na'am, bai tsaya karanta ko ɗaya ba. Ya ruga ɗakin malamai, ya zauna gaban kwamfutar can, ya aika wasiƙarsa da hannunsa. Wasiƙa kuwa ta tafi. Ranar har tsire ya saya wa iyalinsa.

Litinin ita ce ranar jarrabawar aikin hannu ta 'yan ajin ƙarshe, kuma an gayyato mai sa ido tun daga Zariya. Ɗalibai suka tuɓe takalma suka zauna. Aka tayar da janareta, aka kunna injina. Sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu, ta ce tata ta fito da wani ɗan akwati mai rubutu. Kafin Kumai ya isa wurinta, hannaye uku sun ƙara tashi. Duk magana ɗaya ce: wata kwamfuta tana riƙe da lambar da aka ba wannan. Wasu ba sa ganin firinta, wasu ba sa ganin inda aka ajiye tambayoyi. In an kashe an kunna, wannan ta warke, ciwon ya tsallaka kan maƙwabciyarta.

Kumai ya yi ta kai da kawo, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Badruddeen ya leƙa fuskar wata kwamfuta ta bayan kafaɗar ɗalibi. Lambar da ya gani ta yi kama da wasu lambobi da suka gilma a idonsa ranar Asabar, yana cikin danne-dannensa. Ya ja da baya, ya harɗe hannuwa.

Baƙon Zariya ya jira har ƙarfe ɗaya. Daga nan ya rufe fayil ɗinsa, ya ce in sun shirya su aiko masa, ya shiga motarsa.

Shugaban kwaleji, Dakta Silvanus, mutum ne da ba ya jure kunya a gaban baƙo. Ya kira taro nan take, Madam Catherine na gefe tana rubuta abin da aka faɗa. Ya yi faɗa har ya gaji, sannan ya juyo.

"Injiniya, kai ne masani. Me ka gani?"

Idanun kowa na kan Badruddeen, duk cikin girmamawa. Ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, irin wannan galibi daga haɗin wayoyi ne. In tun farko ba a yi aikin bisa ƙa'ida ba, wata rana sai ya nuna."

Kumai ya ɗago kai ya dube shi, irin kallon wanda bai tabbata ya ji daidai ba. Sannan ya ce wa shugaba, "Sa, waya ba ya ba da lamba. Akwai wani abu a cikin layin da yana raba lamba ban da uwar kwamfuta. A ba ni kwana ɗaya, zan bi inji ɗaya-ɗaya har in kama shi."

"Wata shida aka ba ka," in ji Dakta Silvanus. "Ba Injiniya makulli."

Kumai ya ciro makullin daga aljihu ya ajiye a gaban Badruddeen. Kafin a tashi aiki an buga wa Kumai takardar tuhuma da dakatarwa ta mako biyu. Madam Catherine ce ta buga ta.

Washegari da sassafe Badruddeen ya riga kowa zuwa. Madam na fita ɗiban ruwan shayi, ya zauna a kujerarta, ya nemo ɗan hoton shirin nan a fuskar injin, ya goge shi. Ya sauke ajiyar zuciya, ya tafi dogon ɗaki ya kunna injinan. Akwatin ya sake fitowa, a kan bakwai wannan karon.

Sai ya fara lallashin kansa cewa ashe ba shi ba ne, tun da ga shi ya goge abin bai daina ba. Ya kama wayoyin Kumai yana cirewa yana mayarwa, ya yanke kan guda biyu ya kasa haɗawa, injinan da ke aiki suka ragu. Ɗalibai na leƙe ta taga. Ran Laraba wata a cikinsu, mai goyo, wadda ta bar aikin koyarwa a ƙauye don wannan jarrabawa, ta tare shi a baranda ta gaishe shi da ladabi, ta ce, "Malam, don Allah yaushe Oga Kumai zai dawo?" Ya ce mata ana nan ana ƙoƙari. Ya wuce da sauri kamar wanda ake kira.

Ran Alhamis Madam Catherine ta same shi a dogon ɗaki, yana tsugune cikin tarin wayoyi. Ta tsaya a bakin ƙofa da takalmanta a hannu.

"Malam, ni ban san kwamfuta ba, amma na san kwanaki. Juma'a komai lafiya. Asabar ka taɓa injina. Litinin ya lalace."

"Ai na cire abin nan tuni, Madam. Ba ruwansa."

"To. Ni ba zan je in kai ƙararka ba, ba bakina ya kamata a ji ba. Amma in Dakta ya tambaye ni, ba zan yi ƙarya ba. Hannuna ne ya buga takardar yaron nan, tun ranar ban ji daɗin abinci ba."

Ta sa takalmanta ta tafi. Ya daɗe a tsugune, da waya a hannu, bai san me yake yi da ita ba.

Asabar da hantsi ya hau babur ya kama hanyar Godogodo. Damina ta ɗauke, ana haƙar citta, ko'ina ka duba an shanya ta a kan duwatsu da tabarmi, ƙamshinta na shiga hanci har ya sa atishawa. Ya yi tambaya sau biyu kafin a nuna masa gidan. A tsakar gida ya tarar da Kumai da gajeren wando, da wuƙa a hannu, yana tsaga citta tare da wata tsohuwa. Kumai ya miƙe, bai yi murmushi ba, bai kuma ɗaure fuska ba.

"Mama, wannan Malam Badruddeen ne, na wurin aikinmu."

Tsohuwar, Mama Selina, ta tashi da rawar jiki. "Lale, lale! Malam da kansa? Tun daga Kafanchan?" Ta jawo kujera ta goge da zanenta. Ta shiga ɗaki ta fito da kunu a wani kofi mai sheƙi. "Sha, ɗana, kada ka ji komai. Wannan kofi na baƙi ne, ba a taɓa zuba burkutu a ciki ba."

Ya karɓa da hannu biyu. Ta zauna gabansa tana ta zuba: yaron ya ce an ba shi hutu, ga shi hutun ya zo daidai da citta, ai Allah ne ya tsara. Tun rasuwar babansa ba ta da kowa sai shi. Ta ji daɗi da ya samu manya masu tunawa da shi har su biyo shi ƙauye. "Ubangiji ya sa maka albarka, ya ɗaukaka ka a wurin aiki. Ka riƙe mini shi kamar ƙanenka."

Badruddeen ya ajiye kofin. Ya ce amin da muryar da shi kansa bai ji ba. Kumai ya ajiye wuƙa ya ce za su ɗan zaga gona.

Sun yi nisa da gida, har inda kunyoyin citta suka ƙare aka shiga dawa, kafin Badruddeen ya iya buɗe baki. Ya faɗi komai: faifan Jos, Asabar, kujerar Madam, danne-dannen da ya yi bai karanta ba. Kumai na sauraro yana ƙwaƙule laka daga farcensa.

"Da kana sa shi, bai tambaye ka ko zai riƙa raba adireshi, wato lamba, ba?"

"Wataƙila ya tambaya. Ban duba ba."

Kumai ya yi wata gajeriyar dariya marar daɗi. "Babana ya yi shekara talatin a tashar jirgi. Yana cewa in ka sa akawu biyu a taga biyu suna yanka tikiti, ba wanda ya san da ɗan'uwansa, to kujera ɗaya za ka ga fasinja biyu suna faɗa a kai. Shi ne abin da ka yi. Uwar kwamfuta yana raba lamba, firoksi ɗinka ma yana raba lamba."

"Amma na goge shi tun Talata."

"Hoton ka goge. Allon taga ka cire, akawun yana ciki yana aikinsa. Kullum Madam ya kunna inji, shi ma ya tashi."

Can wani wuri ana ta buga fartanya. Sai Kumai ya juyo ya dube shi ido cikin ido.

"Malam, yaushe ka fara zargin abin nan ne?"

"Ranar Litinin."

"Kafin mitin, ko bayan mitin?"

Badruddeen ya dubi ƙasa. Akwai hanyar kuɓuta a nan, kalma ɗaya ce kawai, kuma ba mai iya ƙaryata shi. Ya ce, "Kafin."

"To," in ji Kumai. Da zaginsa ya yi ma da ya fi wa Badruddeen sauƙi.

Badruddeen ya ce ya zo ne ya ɗauke shi a babur su tafi yanzu, yau ba kowa a kwaleji, makulli na hannunsa.

"In shiga a ɓoye kamar ɓarawo? An dakatar da ni. Kuma in na gyara yau, Litinin za a ce Injiniya ya gyara."

Badruddeen bai musa ba, don kuwa wannan tunani ya raka shi tun daga fitowarsa gari, yana korar shi yana dawowa.

Da suka koma gida Kumai ya yago takarda daga wani tsohon littafin makaranta, ya ɗora a gwiwa ya yi rubutu layi shida. Inda za a shiga, sunan da za a nema cikin jerin abubuwan da ke aiki a ɓoye, yadda za a tsayar da shi, yadda za a hana shi tashi in an sake kunnawa, sannan a kashe dukan injinan a kunna uwar da farko. Ya miƙa masa.

"Ga shi. Ba don kai ba, don yaran da suna jiran jarrabawa. Abin da za ka gaya wa Dakta, wannan tsakaninka da Allah."

Mama Selina ta rako shi har bakin hanya tana ɗaga masa hannu.

Lahadi ya wuni da takardar a aljihu. Sau biyu ya ɗauki makullin babur zai tafi kwaleji, inda ba kowa sai mai gadi, sau biyu ya mayar. Litinin da safe bai nufi dogon ɗaki ba. Ya zauna a benci ƙofar ofis har Dakta Silvanus ya iso, ya bi shi ciki, ya roƙi Madam Catherine ta shigo ita ma. Ya ajiye takardar a tebur, ya ce wannan rubutun Kumai ne, shi ne maganin. Sannan ya faɗi wanda ya kawo cutar, da abin da ya sani lokacin da aka tambaye shi a gaban mutane.

Dakta Silvanus ya cire tabarau ya daɗe yana murza idanu. "Ka san abin da ka sa na yi? Ka sa na wulaƙanta mutum da sa hannuna." Ya tashi ya je taga ya dawo. "To, a gyara tukuna. Sai a aika wa Kumai ya dawo, a ce an gano matsalar. Ba sai an tona ba, kai malami ne, ɗalibai na ganin girmanka."

Zuciyar Badruddeen ta yi tsalle ta kama wannan magana kamar mai nutsewa ya ga igiya. Ya dubi Madam. Ita takardarta take kallo. Sai ya juyo ga shugaba ya ce:

"Ranka ya daɗe, a gaban mutane na faɗa. Kuma takardar tuhuma tana cikin fayil ɗin Kumai, duk inda ya je neman aiki za ta bi shi. Ina roƙo a cire ta. In akwai wadda za a rubuta, sunana za a sa."

"Za a rubuta kuwa," in ji Dakta Silvanus.

A kan teburin Madam ya bi layukan nan shida ɗaya bayan ɗaya, yana karanta kowane sau biyu, shugaba na tsaye a kansa. Ga shirin nan kuwa cikin jerin, yana aiki abinsa. Ya tsayar da shi, ya hana shi tashi. Suka ɗunguma dogon ɗaki, aka kashe komai, aka kunna uwar kwamfuta, sannan sauran. Ba akwatin da ya fito. Firinta ta yi ƙara ta turo takarda. Duka-duka bai kai minti goma sha biyar ba.

A taron malamai na ranar Laraba ya tashi ya maimaita maganar. Bai fi minti biyu yana magana ba, amma sai ya ji kamar ya wuni a tsaye. Wasu suka sunkuyar da kai don taya shi kunya, wani a baya ya yi tsaki, wani dattijo malamin tarihi ya ce, "Ai shi ke nan, ya wuce," da sauri, don a canza zance. Labari ya isa kasuwa kafin shi, har yayansa ya tare shi a ƙofar shago ya tambaye shi ko gaskiya ne.

Kumai bai dawo ba sai Alhamis, ya ce sai da cittarsu ta bushe. Ya haɗa wayoyi biyun da aka yanke bai tambayi wanda ya yanke ba. Aka aika Zariya, aka sa jarrabawa mako na gaba.

Ranar jarrabawar Badruddeen ya zo da wuri, ya tarar da Kumai shi kaɗai yana bin injina yana kunnawa. Ya tsaya a bayansa har ya gama layi guda.

"Kumai, ka yafe mini?"

Kumai bai juyo nan da nan ba. Ya jira wata kwamfuta ta gama tashi, ya duba fuskarta, sannan ya ce, "Na yi addu'a a kai. Na yafe, Malam. Amma yadda muna zama da, muna cin gyaɗa muna hira, wannan ka ba ni lokaci."

"Na ji."

A waje ɗalibai sun fara jera takalma a baranda, motar baƙon Zariya na shigowa ta babbar ƙofa. Kumai ya duba agogo, ya ce takardar firinta ba za ta isa mutum arba'in ba, akwai kwali biyu a sito amma shi ba zai iya barin ɗakin yanzu ba. Badruddeen ya sa takalminsa ya tafi ɗaukowa.